Tukunyar Dambu Daga Bukoki Zuwa Kawar

Har yau in ana gardama a majalisa kan nisan da ke tsakanin Agadas da garuruwan Kawar a jirgin sama, nakan bar masu taswira su gama faɗin kilomitocinsu, sannan in ce musu duk sun rage. Ni na bi hanyar nan, kuma da hanjina na auna ta.

Shekarun fari ne, soji na riƙe da ƙasa. Ina aikin anfirme, wato malamin asibiti, a Yamai, cikin ma'aikatan da ke yawo suna yi wa yara allurar ƙyanda. Ina haya a Bukoki, ɗaki guda da 'yar rumfa, a gidan wata tsohuwa Bazabarma da kowa ke ce wa Inna. Ni kuwa Bagobiri ne, da zanena daga gefen baki har kunne, wanda ko makaho ya shafa ya san garinmu. Tsakanin Gobirawa da Zabarmawa akwai wasa tun kakanni, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, don haka ni da Inna kullum cikin tsiya muke. Ita ta ce ni bawanta ne da ta saya da ƙwaryar dusa, ni in ce ko dusar ma bashi ta ci.

Amma a wancan zamani baki abin tsoro ne. Mutane sun rage murya har a cikin ɗakunansu, ana zargin bango ma yana karɓar albashi. Laifin da ya fi kowane laifi kuwa shi ne taɓa hatsin taimako, domin sojin sun ce saboda ɓarayin hatsin nan suka karɓe mulki. Buhunan suna da wani babban tambari shuɗi da rubutun Turawa, ko daga ƙetaren gada ka hango shi ka gane shi. Akwai wani magatakarda a layinmu da aka ce an ga irin buhun ƙarƙashin gadonsa. Da hantsi mota ta zo, aka tafi da shi da takalmi ƙafa ɗaya. Ɗaya ƙafar ta zauna a ƙofar gidan har rana ta ƙanƙance ta, ba wanda ya yi ƙarfin halin kawar da ita, har awaki kewaye ta suke yi.

Inna tana da 'yar auta da ta auri wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, ɗan Tawa. Mutumin ya yi wata tambaya a taron malamai wadda bai kamata a yi ba, sai aka tura shi koyarwa wani ƙauyen gishiri da dabino can Kawar, bayan hamadar Tenere, ya tafi da matarsa. Tun tafiyarsu Inna ba ta sake ganin 'yarta ba. To, sai ga shi sarwishinmu, wato ma'aikatarmu, ya ce ni zan kai maganin allura wannan ƙauye, cikin jirgin soja da ke kai hatsi, daga Yamai a sauka Agadas, daga nan a wuce.

Da maraice na ba da labari ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida. Akwai wani dattijo Buzu da ke zama tare da mu, wanda fari ya kashe wa raƙuma ya dawo gadin kanti a Yamai. Inna ta tambaye shi nisan wurin daga Agadas.

Ya ce, "Inna, da ayarin gishiri, in ka bar Agadas da jinjirin wata, sai wata ya cika ya fara lalacewa kafin ka ga kan dabino. In ka kuskure rijiya ɗaya, shi ke nan, ba ka ganin komai kuma."

Na ga fuskar Inna ta canza, sai na shiga tsakani. Na ce, "Wannan zancen raƙumi ne, Inna. Mu na sama ne. In jirgi ya tashi daga Agadas kika yi atishawa, kafin a yi miki addu'a kin sauka. Ke, in kika sauke tukunya a nan Bukoki, sai ɗiyarki ta hura kafin ta kai baki."

Ban taɓa shiga jirgi ba a lokacin. Ko kusa da shi ban taɓa zuwa ba.

Kowa ya yi dariya ban da Inna. Ta dube ni ta ce, "Bagobiri, da zafinsa?"

Na ce, "Da tururinsa ma."

Ranar tafiya na sa babbar rigata ta salla, don ban ga dalilin da zai sa mutum ya hau sama da kayan aiki ba. Motar sarwishi na ƙofar gida tana oda, ina riƙe da akwatin sanyi na maganin allura, sai ga Inna ta fito daga madafa da wani ƙunshi a rungume. Ashe tun kafin kiran salla take kan murhu. Ta daɗe tana rage wa kanta abinci tana tara tsaki, ta samo zogale da albasa da ɗan mai, ta yi wa 'yarta dambu irin wanda take so tun tana yarinya. Ta ɗaure murfin tukunyar da tsumma, ta nannaɗe ta cikin buhu don kada zafi ya fita, ta ɗinke bakin da basilla.

A wurinmu wanda zai yi tafiya ba ya mai da saƙo. Ko ɗan akuya aka miƙo maka sai ka karɓa ka san yadda za ka yi da shi, balle saƙon uwa zuwa ga 'yarta. Na karɓa, ta dafa kaina ta kira sunan Allah da Zabarmanci ta ce, "Irkoy ya kai ka. Kada ka tsaya surutu a hanya ya huce."

Sai da muka kama hanyar filin jirgi gari ya yi haske sosai, direba ya kalli cinyata, ya sake kallo, sai na ji motar ta yi wani layi. Na duba. Tambarin nan shuɗi yana kallona, ɓaro-ɓaro, a tsakiyar ƙunshin. Buhun taimako ne. Na san inda ta same shi, ranar rabo ne ta roƙi wanda ya zazzage shi ya bar mata, don ta ga yana da kauri. Amma wa zai saurari wannan bayani? Ma'aikacin gwamnati, da buhun taimako ɗinkakke mai nauyi, zai hau jirgin soja da shi.

Direba ya ce, "Ni ban ga komai ba. Kuma in an tambaye ka, ba a motata ka hau ba, da ƙafa ka zo."

Na yi tunanin jefar da shi ta taga, sai ga shingen soja a gabanmu. Na yi tunanin farke ɗinkin, ba wuƙa, kuma ɗinkin Inna ko kura ba ta farke shi da haƙori. Abin da ya rage mini shi ne babbar riga. Na cusa ƙunshin ƙarƙashinta, na ɗaure shi a cikina da igiyar akwati, na saki riga a kai. Nan take na zama mai ciki wata tara, kuma abin da ke cikin yana tafasa.

A filin jirgi ba a tambayar sunanka kafin a tambayi nauyinka. Kowane fasinja sai ya hau ma'aunin da ake auna buhu, shi da kayansa, domin duk kilon da mutum ya ci, an rage shi ne daga hatsin masu yunwa. Mai kula da lodin wani sarjan ne dogo, baƙi, mai jajayen idanu, da bindiga ƙarama a kugu. Da ya buɗe baki na ji Hausarsa ta Zabarmawa ce. Da a kasuwa muka haɗu da na ce masa ya zo ya ɗaukar wa ubangidansa kaya. Amma Bazabarme mai bindiga ba abokin wasan kowa ba ne.

Na hau ma'auni, allurar ta yi tsalle kamar an mare ta. Sarjan ya dubi allura, ya dubi siraran hannuwana, ya dubi tumbin.

Ya ce, "Ma'aikaci. Bana jakai kwali suke ci a bola, kai kuma tumbi kake ajiyewa. Me kake ci?"

Na ce, "Kumburi ne, shef. Ciwon gidanmu ne, duk haka muke."

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallona, zufa na bin zanen fuskata kamar an buɗe mata hanyar ruwa, sannan ya kaɗa kai ya ce in wuce.

Cikin jirgin ba kujeru irin waɗanda nake ba mutane labari. Wani dogon benci ne na zane a jikin bango, tsakiya kuma kaya ne ɗaure da raga. Na zauna, akwatin sanyi a gefena wanda ba a so ya ji zafi, tukunya a cikina wadda ba a so ta ji sanyi, ni a tsakani ina dahuwa. Daga Yamai zuwa Agadas ban san yadda muka yi ba. Abin da na sani, fatar cibiyata ta fara nuna, kuma duk sa'ad da sarjan ya wuce sai in rufe ido in yi kamar mai salati. Ba ma kamar ba ne, salatin nake yi.

A Agadas aka buɗe bayan jirgi aka shiga lodin hatsi. Ban sauka ba, don in na miƙe tsaye igiyar na iya sakina. Ta ƙofar na hango mutanen daji da fari ya koro, sun kafa 'yan rumfunan tabarma can bayan waya, suna kallon buhunan da ake shigarwa. Ba mai roƙo, ba mai magana, yaran ma ba sa kuka. Wannan shirun ya fi mini kallon sarjan ciwo. Na san in aka fito da ni gabansu da buhun nan a ciki, ba sai soja ya taɓa ni ba.

Aka cika jirgi har buhu na taɓa gwiwata, kowanne da tambarinsa, duk sun zuba mini ido kamar sun gane ɗan'uwansu na ɓoye a rigata. Jirgi ya yi gudu, ya yi gudu, har na ce ta ƙasa za mu je, sannan ya ɗaga da ƙyar yana nishi.

Na leƙa ta 'yar taga don in ga ko mun kusa, tun da ni na ce atishawa ɗaya ce. Duwatsu suka wuce, sai rairayi. Ba itace, ba hanya, ba bukka, ba tsuntsu. Inuwar jirginmu kaɗai ke rarrafe a ƙasa kamar ƙwaro a kan faranti, kuma ka rantse ba ta motsi. Sai na tuna wani labari da ke yawo a Yamai, wai akwai waɗanda ake hawa da su jirgi a dawo babu su. Ba wanda ya taɓa ganin wanda ya gani. Hasali ma ni na ƙara wa labarin gishiri ƙarƙashin dogon yaro, na ce ana buɗe ƙofar baya ne a ce mutum ya je ya duba taya. Ranar an yi dariya har da riƙe ciki. Yau ga ni ga ƙofar, kuma labarin nawa ya fi kama da gaskiya fiye da ranar da na ƙaga shi.

Muna cikin haka jirgi ya faɗa wani rami a sararin sama. Hanjina ya hau maƙogwaro, tukunya ta daki haƙarƙarina, na ji murfin ya goce. Ba a jima ba ƙamshi ya fara fita ta wuyan rigata. Albasa soyayya, zogale, yaji. Dambun Inna ko a Bukoki sai an rufe ƙofa in ana cin sa, balle a cikin gwangwanin ƙarfe cike da sojojin da tun safe ba su sa komai a baki ba. Na ga hancin na kusa da ni ya motsa. Na gaba da shi ya waiwaya. Na matse hannuwa, na yi tari, na ja wuyan riga na rufe, ƙamshi ya bi ta hannun riga.

Sarjan ya taso daga gaba yana dafa raga, yana bin hancinsa kamar mai bin sawu, har ya tsaya a kaina. Saboda ƙarar inji sai da ya sunkuyo ya yi ihu a kunnena.

"Kumburin naka albasa ake sa masa?"

Ya sa yatsa ɗaya ya ɗaga rigar. Tambari ya bayyana. Sojojin da ke kusa suka daina motsi. Ya zaro wuƙa daga kugu, ni kuwa na karanta kalmar shahada, ashe igiyar zai yanke. Ya ɗauke ƙunshin, ya jinjina nauyinsa, ya dube ni.

"Ka san abin da ake yi wa mai wannan?"

Na ce, "Shef, wallahi ba hatsi ba ne. Wato hatsi ne, amma ya dahu. Ba nawa ba ne. Na wata tsohuwa ne."

"Kowane ɓarawo yana da tsohuwa."

Ya bi ɗinkin da wuƙa, ya warware buhun, ya kwance tsumman, ya ɗaga murfi. Ya tsaya yana kallon dambun. Ni kuma na kama zuba kamar famfon da ya lalace, na ce mai gidanmu ce a Bukoki, 'yarta na can inda za mu, ta ƙi cin abinci ta tara, buhun kuma fanko ta roƙa ranar rabo, don kada ya huce ne.

"Kada ya huce? Daga Yamai?"

"Ni na ce mata da zafinsa zai isa."

Ya taɓa gefen tukunyar da bayan hannu. Ta riga ta yi sanyi, don duk zafin ya ƙare a cikina. Ya mai da murfi, ya ɗauki tukunya a hannu ɗaya, buhu a ɗayan, ya ce, "Zauna nan. In mun sauka, ni da kai." Ya wuce gaba ya ɓace bayan buhuna.

To, daga nan ne na fara auna hanya. Na duba taga, rairayi. Na ƙirga iyayena da kakannina na roƙi gafararsu ɗaya bayan ɗaya, na duba taga, rairayi. Na tsara jawabin da zan yi gaban alƙalin soja, na gyara shi, na ga ko ni aka karanta wa ba zan yarda ba, na duba taga, rairayin ne dai. Duk sa'ad da wani soja ya miƙe sai in kalli ƙofar baya. Na tuna ba ni kaɗai ba ne, in suka matsa mini zan faɗi gidan, mota ta je Bukoki da hantsi ta tsaya a ƙofar Inna. Na sunkuya na kalli takalmana, ina tunanin wace ƙafa za a bari. Na rantse gashin kaina na farko da ya yi fari, a kan Tenere ya yi, kuma na ji lokacin da yake yi. Da ayarin dattijon Buzu ya taso tare da mu, da ya riga mu isa.

Can dai wani baƙin layi ya fito a ƙarshen duniya, ya zama dutse, ƙarƙashinsa kore-kore na dabino. Jirgi ya dira yana tsalle. Aka buɗe ƙofa, abin da na fara gani shi ne kamyo, babbar motar kaya, da jandarmomi a tsaye. Hatsi suka zo karɓa, amma ni na tabbata ni suka zo wa. Na ɗauki akwatin sanyi na sauka.

Na tsaya a rana ana sauke buhuna, ba wanda ya kula ni, ni kuma ban isa in matsa ba. Sai na ji muryar sarjan daga bayan fiffike.

"Kai, Bagobiri! Zo nan, bawa."

Tun safe ma'aikaci yake ce mini. Da na ji ya ce bawa, sai wani abu ya saki a ƙirjina, amma ban yarda da shi ba tukuna. Na je. Yana tsaye shi kaɗai, da tukunyar a naɗe cikin rawanin soja da ya cire daga wuyansa. Ya miƙo mini, na karɓa, saura kaɗan in sake ta. Zafi ƙwarai. Ashe akwai wani bututu can gaba da iskar inji ke bi, inda suke ɗora butar shayinsu, a kansa ya ajiye ta duk tsawon tafiyar da nake mutuwa.

Ya ce, "Tsohuwar 'yar ina ce?"

Na ce, "Haifaffar Gaweye ce, shef, bakin ruwa."

"Na ji a yajin. Na ɗanɗana, aikin bincike ne." Ya gyara hularsa. "Buhu na gwamnati ne, ya koma aikinsa, wani ya fashe a hanya na juye a ciki. Ba don kai na yi ba. Ƙaryar Bagobiri ba za ta sa uwata ta ji kunya ba. Yi gudu kafin ya huce. Kuma ka saurara, in na sake ganin tambarin nan a jikinka, ranar babu wasa tsakaninmu."

Da ya faɗi wannan na ƙarshe, idanunsa sun koma irin na safe. Na yi gudu. Ban taɓa sanin babbar riga na iya gudu a rairayi haka ba.

Gidan mushe ba wuyar samu, lakwal ɗaya ce a garin. 'Yar Inna ta fito, ta rame har sai da na gane ta ta murya. Na ajiye tukunya na ce, "Innarki ta ce a gaishe ki." Ta buɗe, tururi ya tashi. Ta tsaya kamar an dasa ta. Ta sa hannu ta ɗebo, ya ƙona ta, ta hura, ta kai baki, sai kuka. Ta kira yaran maƙwabta kowa ta sa masa loma a tafin hannu. Mijin kuwa ya ja ni gefe yana tambayar labarin Yamai, kuma ko a nan, inda babu komai sai rairayi har iyakar gani, sai da ya waiwaya bayansa kafin ya yi magana.

Da na gama allura na dawo Yamai, ban ko ajiye kaya ba Inna ta tare ni a ƙofa.

"Bagobiri, da zafinsa?"

Na ce, "Sai da ta hura, Inna."

Dattijon Buzu yana zaune yana haɗa shayi, ya girgiza kai ya ce shi dai ya san hanyar nan, kuma ya san bakina. Ba wanda ya yarda a majalisar, sai Inna. Ban ba su labarin sarjan ba, don a lokacin alherin soja ma in ka faɗe shi kana iya jawo masa kaso.

Na bi Inna cikin gida don in ba ta dabinon da aka aiko mata, sai na ɗaga kai. A ƙofar ɗakinta, inda tsohon labule yake, ta rataya sabo, ta kalmashe bakinsa da jan zare. Tambarin shuɗi ne a tsakiya, yana kallon titi duk sa'ad da aka buɗe ƙofar gida. A daidai lokacin wata mota ta rage gudu a layinmu. Ban san sa'ad da na fizge labulen na cusa shi cikin murhu ba, na tsaya a kansa da ice har ya zama toka. Motar ta wuce, ta mai sayar da gawayi ce.

Inna ta riƙe haɓa tana kallona. Ta ce, "Bawan nan sama ta taɓa masa kai." Ta ɗauki dabino ɗaya ta gutsura, sannan ta ce, "To, yaushe za ka koma? Wannan karon kunu zan dama mata."